Daga damina zuwa damina: yadda mazaɓa za ta tsara filayenta da gine-ginenta a birnin Kano

Wanda yake son ya san unguwarsu da gaske, ya fita zagaye ranar da aka tafka ruwan Agusta, kamar rabin awa bayan an ɗauke. A ranar zai ga lungun da ya koma rafi, da gidan da mata suke kwarfar ruwa da bokiti, da shagon da aka ɗora a kan lambatu har ruwa ya rasa mafita ya juya cikin masallaci. Yawancin abin da zai gani an yanke shi ne tun shekarun baya, ranar da aka ja igiya aka raba gona ba tare da an tambayi inda ruwa yake bi ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Na rubuta wannan ne domin kansila, da mai unguwa, da ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, da matasan nan masu fitowa yasar kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Na jera aikin bisa watannin shekara, saboda a Kano damina ce take nuna maka matsala, rani kuma ya ba ka damar gyara ta. Za mu fara a Agusta, mu tsaya a Oktoban shekara mai bi mata.

Kafin komai, a san wa ke da ikon me

Na sha ganin kwamiti ya taso da ƙarfinsa ya mutu a wata na biyu, don kawai ya ɗauko abin da ba huruminsa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen cikin birni a hannun gwamna. Saboda haka a mafi yawan ƙasar ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, shaidar mallaka daga ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar, take fitowa, izinin gini kuma daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Shugaban ƙaramar hukuma ba zai ba ka takardar mallakar fili a Kurna ko a Hotoro ba.

Amma kada wannan ya sa a naɗe hannu. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina hanyoyin cikin unguwa da kula da su, da magudanan ruwa, da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu, da banɗakunan jama'a da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Wanda yake riƙe da waɗannan, ai rabin tsarin gari yana hannunsa. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar inda kuɗin magudana ya tafi.

Mataki na ɗaya, Agusta: a bi sawun ruwa

A samo hoton mazaɓar daga Google Earth, a kai shagon kwamfuta a buga shi babba, a manna a jikin falanki. A raba matasa gida uku ko huɗu, kowane rukuni da waya mai ɗaukar hoto, da biro ja da shuɗi, da ƙaramin gwangwanin fenti. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a fita. Inda ruwa yake gudu a ja kibiya da shuɗi, inda yake kwanciya a kewaye, inda aka toshe masa hanya a sa ja. A jikin katangar da ruwa ya taɓa, bayan an nemi izinin mai gida, a ɗiga fenti daidai inda ya tsaya, a rubuta kwanan wata. Wannan ɗigon zai yi amfani baɗi fiye da yadda ake zato.

A yi haka sau uku aƙalla, domin ruwan da ya sauka a busasshiyar ƙasa daban yake da wanda ya tarar ƙasa ta ƙoshi.

Sannan a je wurin tsofaffi, musamman mata. A wata unguwa da na taɓa taya su wannan aiki, mun yi kwana biyu muna mamakin layi guda da ruwa yake kwana a cikinsa, alhali an yi masa kwata sabuwa. Wata dattijuwa ce ta warware mana. Ta ce, "Ɗan nan, ai nan kududdufi ne. A nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidan mahaifinmu. Da shara aka cike shi." Na ce, "Inna, ina iyakarsa ta tsaya?" Ta taso da sandarta ta zaga da mu, gida goma sha ɗaya duk a cikinsa suke. Babu taswirar da ta nuna mana haka.

Kududdufan Kano ba ramuka ne na banza ba. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar tubalin birni, su kuma suka zama matattarar ruwan damina, suna riƙe shi ya tsuma a ƙasa, rijiyoyin gidaje su samu. Duk wanda aka cike, ruwansa bai bar unguwar ba, wurin kwana kawai ya sake. Haka kuma a gano inda ruwan mazaɓar yake ƙarewa. Arewacin birni galibi Jakara yake gangarawa, kudanci kuma Challawa. Idan ba ka san mafitarka ba, kwatar da za ka gina maƙwabciyar mazaɓa kawai za ta tura wa ruwa.

Mataki na biyu, Satumba: a ƙirga abin da yake na kowa

A kan taswirar nan a zana duk filin da ba na mutum ɗaya ba: makarantar firamare da filin wasanta, maƙabarta, filin idi, ƙaramin asibiti, kasuwa, juji, kududdufin da ya rage, gefen badala idan mazaɓar ta taɓa ganuwa, da manyan bishiyoyi. A auna kowanne da tef, a ɗauki hoton kusurwoyinsa, a rubuta wanda yake maƙwabtaka da shi ta kowace fuska. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. Kwafi ɗaya ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya wurin hakimi, ɗaya ya zauna da kwamiti.

Filin jama'a ba a cinye shi rana ɗaya. Yau kwantena a jikin katangar makaranta, gobe rumfar kwano, jibi an zuba kankare. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya nuna wa kowa irin asarar da ake tafkawa idan aka bari sai gini ya kai bene kafin a yi gardamar filin. Turaku huɗu na siminti a kusurwoyi da layin bishiya a kan iyaka sun fi katafila arha nesa ba kusa ba.

Mataki na uku, Oktoba: zama

A kira taro a ƙofar gidan mai unguwa ko a makaranta, bayan La'asar. A gayyaci limamai, da magina, da dillalan filaye, da 'yan garuwa, da masu shaguna. Na mata a yi shi daban a Islamiyya, a lokacin da suka zaɓa, domin su ne suka san gidan da rijiyarsa ta fara wari da lungun da yara ba sa iya bi zuwa makaranta. A jingina taswirar kowa ya gani, a bar mutane su gyara ta da bakinsu.

Abin da ake nema a tashi da shi abu uku ne: wuraren da ba za a ƙara ɗora bulo a kansu ba ko da na wane ne, wuraren da za a iya gini amma da sharaɗi, kamar ɗaga harsashi ko barin hanyar ruwa, da ayyuka uku kacal da za a sa a gaba bana. Na ce uku da gangan. Takardar da ta ɗauko buƙatu ashirin, a aljihun tebur take ƙarewa.

Mutumin da gidansa ya faɗo a kan hanyar ruwa kada a kunyata shi a bainar jama'a. Sau da yawa shi ma saya ya yi bai sani ba. A je masa gida da dattawa biyu, a tattauna ko bututu za a ratsa ta ƙarƙashin katangarsa, ko taku biyu zai ja baya a taya shi gyara.

Mataki na huɗu: awon igiya, tun kafin a ja igiyar

Wannan ya fi shafar mazaɓun bakin gari, irin na Ungogo da Kumbotso da gefen Gwale da Nassarawa, inda gonaki suke komawa gidaje kullum. A nan ne ake cin riba mafi girma da kuɗi mafi ƙanƙanta, domin ƙasar tana nan fili, ba a kafa komai ba tukuna.

Kano ta taɓa samun babban tsari na shekara ashirin, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Gari ya zarce shi tuntuni, kuma yawancin talakawa ta awon igiya suka mallaki muhalli, ba ta awon gwamnati ba. Ban ga amfanin zagin awon igiya ba, tunda shi ya rufa wa mutane asiri. Abin gyara shi ne yadda ake yin sa: kowane mai gona yana yanka tasa shi kaɗai, hanyarsa ba ta haɗu da ta maƙwabcinsa ba, babu filin makaranta, babu na maƙabarta, lungu kuma ko motar kashe gobara ba ta shiga.

Ga yadda za a yi. Dagaci da masu unguwanni su yi yarjejeniya cewa ba za su sa hannu a takardar cinikin fuloti ba sai gonar ta shiga zanen bai ɗaya. A tara masu gonaki maƙwabta, biyar ko goma, a ɗauko ƙwararren mai tsara gari da safiyo mai rajista. Jami'ar Bayero tana da sashen tsara birane, kuma ɗalibansu na neman wurin gwajin aiki. A fara zana hanyar ruwa da kwari, a bar su. Sannan manyan hanyoyi su ratsa gonakin gaba ɗaya su haɗu da titin da yake akwai. A shawarata babbar hanyar unguwa kada ta gaza mita 12, layukan ciki mita 9, lungu mafi ƙanƙanta mita 6, domin a samu wurin kwata da turken wuta da bishiya. Bayan nan a ware filin makaranta da masallaci da asibiti da wurin tara shara. Abin da ya rage shi ake yankawa. Daga nan a kai zanen KNUPDA a nemi amincewa.

Mai gona zai ce, "Ranka ya daɗe, ai cuta ta za a yi." A zauna a yi masa lissafi a fili. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 sau 50 yana cin kimanin murabba'in mita 232. Idan ya bar kashi 10 cikin 100 kawai na lunguna, zai fitar da fuloti 38. Idan aka ware kashi 30 na hanya da ruwa da filin jama'a, zai fitar da 30. Takwas ya rasa. Sai a tambayi dillalin da ke zaune a wurin nawa ne bambancin fulotin bakin hanya mai faɗi da na ƙuryar lungu. Shi zai ƙarasa maganar. Kuma a raba nauyin daidai: wanda makaranta ta faɗo a gonarsa, sauran su rama masa da fuloti, kada a bar shi ya ɗauki na kowa.

Wani abu da nake roƙo a kula da shi: fadama da lambuna. Kano ta daɗe tana ci daga gonakin da suka kewaye ta, jakuna suna fitar da toka da takin gari zuwa gona su dawo da itace da hatsi. Fadama ba ta yin gida mai kyau, bango yana jan damshi, masai yana cika da wuri. A bar ta ga mai salak da alayyafo.

Mataki na biyar, Nuwamba da Disamba: a mai da magana takarda

A wannan lokaci ake haɗa kasafin shekara mai zuwa. Kansila ya kai ayyukan nan uku gaban majalisar ƙaramar hukuma, kowanne da awonsa da ƙiyasin kuɗinsa daga sashen ayyuka, da hotunan Agusta a manne. Ya nemi a yi dokar ƙaramar hukuma gajera, wadda mai unguwa zai iya karantawa a masallaci: ba a gini ko kafa rumfa a kan magudana, ba a cike kududdufin da aka yi wa rajista, ba a sare bishiyar titi sai da izini, ba a jibge yashi da bulo a kan kwata. A aika wa KNUPDA da ma'aikatar ƙasa kwafin taswirar da wasiƙa, a karɓo shaidar sun karɓa. Wanda zaizayar ƙasa ta yi wa yawa, irin ta Bulbula da Gayawa, wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, sai a miƙa shi ga ma'aikatar muhalli ta jiha.

Mataki na shida, Janairu zuwa Mayu: magudana da kududdufi

Ana fara kwata daga mafita ne a hauro sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga ƙofar gidan wani babba, kuɗi ya ƙare a tsakiya, ruwa ya taru da ƙarfi ya zube a layin da ba shi da gata. A sa injiniya ya duba gangara da na'ura, kada a dogara da ido. Kwalbati kada ya fi kwatar da ke shiga cikinsa ƙanƙanta. Inda za a rufe, a yi murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa, domin kwatar da aka shafe da kankare gaba ɗaya ba mai iya yashe ta.

Kududdufin da ya rage a yashe shi a rani, a kewaye shi da waya ko gajeriyar katanga saboda yara, a yi ƙaramin rami a bakin mashigarsa mai tare yashi da leda, a yi masa mafita ta sama wadda za ta kai rarar ruwa babbar magudana. A hana juya ruwan masai ciki. Idan yana riƙe ruwa duk shekara a zuba kifi, suna rage tsutsar sauro.

Babbar yasa a yi ta a Mayu. A shirya da REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar, ko masu kura tun kafin ranar, domin dagwalon da aka tara a bakin kwata, ruwan farko ciki yake mai da shi.

Mataki na bakwai: gini, kuma hukuma ta fara da nata

Ba za ka tilasta wa mai gida ya yi gini mai sanyi ba, amma za ka iya nuna masa. Duk shekara ƙaramar hukuma tana gina aji, ko ɗakin shan magani, ko rumfunan kasuwa. A ɗauki guda ɗaya a yi shi yadda ya kamata, a bar mutane su shiga da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, su ji da jikinsu.

A fara da fuskar gini. Dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, gajeru su kalli gabas da yamma. Ranar hantsi da ta La'asar a kwance suke zuwa, kai tsaye suke faɗawa ta taga, ita kuwa ta tsaka daga sama take, ɗan zarcen rufi ya isa ya tare ta. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu. Kowane ɓangare ke nan yana son baranda ko rufin da ya zarto da santimita 60 zuwa mita ɗaya. Masallaci ba ya bin wannan, alƙibla ce take juya shi, sai a kare bangonsa na yamma da rumfa ko bishiya. Bangon gabas kuwa shi yake shan dukan hadari, a ƙara masa ingancin shafe.

Sai bango. Bulon siminti mai inci shida da rami a ciki nan da nan yake ɗaukar zafi ya miƙa shi ɗaki. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama da rana ya san bambancin. Kaurin bangon ƙasa yana jinkirta zafi, sai dare ya yi iska ta huce kafin ya ratso. Maginan da suka yi aiki da tubali da azara, suka ɗaure bakan gizo, suka shafe da makuba da laso, suka fitar da ruwan soro ta indararo, sun san garin da suke yi wa gini. Matsalar ginin ƙasa biyu ce, ruwa daga sama da damshi daga ƙasa, sai kuma yaɓen shekara-shekara da ya gajiyar da mutane.

Maganin da ya fi dacewa da ginin hukuma shi ne matsattsen bulon ƙasa, wanda ake haɗa jar ƙasa da ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse a inji. Kafin a sayi ƙasar a gwada ta: a zuba ta a kwalba zuwa kashi ɗaya bisa uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashi ya fi yawa, laka ta zama ta isa ta riƙe shi kawai. Wadda laka ta yi wa yawa tsagewa take yi, sai a ƙara mata yashi. Bayan an buga, a jera a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa mako biyu, a bar shi ya cika mako huɗu kafin a ɗora. A jiƙa guda ɗaya a bokiti ya kwana, idan ya narke to haɗin bai yi ba. Harsashi a yi shi da dutse ko cikakken bulon siminti, ya tashi sama da ɗigon fentin nan na Agusta, kuma ko a tudu ne kada ya gaza santimita 45 daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin bulon ƙasa ya hau. Ramin da aka ɗebi ƙasar kuwa, a zaɓi wurinsa da taswirar ruwa a hannu, ya zama kududdufin unguwa da gangan.

Rufi shi ne ya fi kowa kawo zafi. Yayin kwano mai duhu da doron da ya yi tsini sama bai dace da mu ba, katako yake ci, zafi yake sha. A zaɓi fari ko mai haske. A ɗaga silin ya kai mita uku ko fiye. Tsakanin silin da kwano a bar kafofin iska masu raga a ɓangare biyu, domin zafin da ya taru ya samu hanyar fita, tsuntsu da jemage kuma su rasa ta shiga. Idan da hali a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin. Aji marar silin azaba ne ga yara, kuma ran da ake ruwa ko muryar malami ba a ji.

Taga kada ta yi yawa kuma kada ta kasance a bango ɗaya. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa. A sa su suna kallon juna domin iska ta ratsa, a ƙara ƙanana can sama kusa da silin, a yi musu marfin da zai rufu sosai saboda ƙurar hunturu. Katon gilashi mai kallon yamma janareta kawai yake yi wa aiki.

Ruwan rufi ba abin zubarwa ba ne. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Kano takan samu wajen milimita 800 a shekara, wata shekarar fiye. Rufin aji biyu mai murabba'in mita 150 ke nan yana zubar da lita 120,000, ko an cire abin da ya ɓace a hanya akwai jarka dubbai a ciki. A sa mazurari da tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube, rarar kuma a kai ta ramin tsumawa mai cike da tsakuwa, nesa da harsashi da mita uku aƙalla. Harabar kada a malale ta da siminti gaba ɗaya, a bar wa ƙasa wurin sha. Masai da sokawe su nisanci rijiya ko burtsatse da mita 30 in fili ya bari, kuma su kasance ta gangare. A unguwannin da fuloti ya yi ƙanƙanta wannan ba ya yiwuwa gida-gida, shi ya sa burtsatse ɗaya ta unguwa a wuri mai tsafta ta fi goma a jikin masai.

Sola a sa ta bayan an gama duk waɗannan, domin ginin da ya yi sanyi da kansa faranti kaɗan yake buƙata. Su kalli kudu da ɗan jirkice, inda hannu zai kai a goge su, tunda ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai. A rubuta sunan wanda zai riƙa gogewa da wanda zai kula da batir tun ranar buɗewa.

Abu ɗaya da ba a tsimi a kansa shi ne ƙarfin gini. Benen da ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022 yana nan a zukatan mutane. Duk abin da ya wuce hawa ɗaya, ko ɗakin taro mai faɗi, sai da injiniya mai rajista da izinin KNUPDA, na ƙasa ne ko na siminti. A kuma sa magina da samarin unguwa cikin aikin tun daga buga bulo, domin ranar da aka gama, sana'ar ta zauna a mazaɓar.

Mataki na takwas, ƙarshen Yuni zuwa Yuli: bishiya

Ana dasawa ne idan ruwa ya zauna. Rami santimita 60 faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yanke ledar a cire kafin a binne. Darbejiya tana da juriya da saurin inuwa, maɗaci ya dace da babbar hanya kamar yadda ake gani a tsofaffin titunan Nassarawa da Bompai, tsamiya da ceɗiya da ɗurumi na filin makaranta da kasuwa ne, mangwaro da zogale na cikin gida. Manya su nisanci bango da kwata da mita huɗu zuwa biyar, kuma kada a sa su ƙarƙashin wayar wuta, domin ranar da suka kai za a datse musu kai. Bishiyar turare tana da shan ruwa, a nisanta ta da rijiya.

Dashe ba ya wahala, raino ne aikin. Kowace bishiya a ba ta uba, wato gidan ko shagon da take ƙofarsa, a rubuta a littafi. A yi mata keji saboda awaki. Rani biyu na farko tana son bokiti guda duk bayan kwana biyu ko uku, kuma ruwan alwala na masallaci da aka bi da shi ta ɗan bututu ya isa ya raini layi guda. Hamsin da suka rayu sun fi dubu da aka dasa ranar biki.

Agusta zuwa Oktoba kuma: a koma kan ɗigon fenti

Idan ruwa mai ƙarfi ya sake sauka, rukunonin nan su fita da taswirar bara. A kowace katanga a duba inda ruwan bana ya tsaya, a ɗiga sabon fenti da wani launi, a auna tsakaninsu da tef. A ajiye ma'aunin zafi guda a sabon ajin, guda a tsohon na kusa da shi, malami ya riƙa rubuta abin da suka nuna da ƙarfe biyu na rana, a ci gaba har Afrilu. A ƙirga bishiyun da suka rayu a maye gurbin matattu kafin ruwa ya janye. A zaga turakun filayen jama'a a tabbatar kowanne yana inda aka kafa shi.

A taron Oktoba sakataren kwamiti ya karanta waɗannan alƙaluma a gaban kansila da mai unguwa, da abin da aka kashe a kowane aiki, da wanda bai samu ba da dalilinsa. Sannan a ɗauko biro a zaɓi ayyuka uku na gaba, a miƙa wa kansila kafin Nuwamba ta kama.